Biyan Bashin Kati: Banki Ya Cira Da Kansa, Ko Ka Biya Da Hannunka?

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman katin bashi, ko ya nemi rancen albashi ta manhajar banki, ya san akwai wani ɗan akwati da ake so ya sa wa alama kafin ya rattaba hannu. Ma'anar alamar ita ce ya yarje wa mai binsa bashi ya riƙa shiga asusunsa duk wata yana cirar abin da ya wajaba a biya, ba sai an sake tuntuɓarsa ba. Akasarinmu ba ma tsayawa karanta wannan layi, domin a lokacin hankali yana kan kuɗin da za su shigo. Alhali kuwa wannan ɗan akwati yana cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko bashi zai ƙare cikin wata guda, ko zai yi shekaru yana bin mutum.

A da, muhawarar ko a bar banki ya cira da kansa ko mutum ya biya da hannunsa ta mutanen Turai da Amurka ce, inda katin bashi ya daɗe da zama abin aljihu. Yau ta iso ƙofar gidanmu ta hanyoyi da dama. Ɗalibai da malaman da ke tafiya ƙaro karatu Birtaniya sukan tarar bankuna na yi musu tayin kati. A nan gida wasu bankuna na bai wa ma'aikata masu albashi irinsa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa CREDICORP domin faɗaɗa sayen kaya a kan bashi, kuma a shekarar ne asusun NELFUND ya fara bai wa ɗalibai rancen karatu, wanda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashin wanda ya ci shi, daga shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Ke nan ɗalibin da ke karanta wannan shafi, ko da bai taɓa riƙe katin bashi ba, mai yiwuwa ya riga ya sa hannu a kan wani nau'i na cirar kai tsaye. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake fitar da shi lafiya.

Bari mu fara da yadda katin yake aiki, domin mutane da yawa suna gwama shi da katin ATM da muka saba da shi. Katin ATM kuɗinka yake ciro maka. Katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa, har zuwa iyakar da aka yanka maka. A ƙarshen kowane wata sai a aiko maka da takardar lissafi mai ɗauke da muhimman abubuwa uku: jimillar abin da ake binka, mafi ƙarancin abin da za a karɓa daga gare ka a wannan watan, da ranar da wa'adin biya zai cika. Idan ka biya jimillar duka kafin ranar, ba za a ɗora maka kuɗin ruwa a kan sayayyar da ka yi ba. A Birtaniya wannan rangwame yakan kai kwana 56 daga ranar sayayya, sai dai galibi bai shafi tsabar kuɗin da aka cira da katin ba, waɗanda ruwansu ke fara hauhawa tun ranar da aka cire su. Idan ka biya wani ɓangare kawai, ruwa zai hau. Idan kuma ranar ta wuce ba ka biya ko mafi ƙarancin ba, ga tara, ga tabo a tarihinka na bashi.

Hanyoyin biya ba tare da sa hannu ba kuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu na da muhimmanci. Akwai umarnin dindindin, wanda kai kake bai wa bankinka cewa duk ranar kaza ga wata ya tura naira kaza zuwa wuri kaza. A nan kai ke turawa, kai ka yanke adadi. Akwai kuma izinin cira, wanda kake bai wa mai binka bashi ya janyo kuɗi daga asusunka, kuma adadin na iya sauyawa daga wata zuwa wata. Masu katin bashi na biyun suka fi amfani da shi, kuma sukan ba ka zaɓi uku: a riƙa cire jimillar bashin duka, ko a cire mafi ƙarancin biya, ko a cire wani tsayayyen adadi da ka zaɓa. Waɗannan zaɓi uku suna zaune kusa da juna a takarda ɗaya, amma nisan da ke tsakanin sakamakonsu ya fi nisan Kano da Legas.

Hujjar masu cewa a bar wa banki mai ƙarfi ce, kuma ba na raina ta. Ɗan Adam mai mantuwa ne. Mutumin da ke da kuɗin biya a asusunsa zai iya tsallake rana saboda jarrabawa, ko jinya, ko tafiya, ko rasuwa a dangi. A Birtaniya tarar jinkiri takan kai fam 12, adadin da ya samo asali daga matsayar da hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta ɗauka a 2006. Fam 12 ba za ta talauta kowa ba. Abin tsoron shi ne jinkirin da aka shigar a tarihin bashin mutum yakan zauna shekara shida, kuma wannan tarihi ne ake dubawa idan ya zo neman rancen gida, ko wayar da ake biya wata-wata, wani lokaci har da hayar ɗaki. Mu ma nan muna da kamfanonin tattara tarihin bashi irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry, da dokar 2017 da ta tsara aikinsu, kuma tun da aka fito da lambar BVN a 2014 ya zama da wuya mutum ya ɓata suna a wani banki ya je ya wanke a wani. Mantuwar kwana ɗaya na iya jawo ƙin amincewa da mutum bayan shekaru, a lokacin da ya fi bukata.

Ƙari a kan haka, Birtaniya ta kewaye cirar kai tsaye da kariya mai kyau. Idan za a sauya adadi ko rana, dole a sanar da mai asusu tun da wuri, galibi kwanakin aiki 10 kafin cirar. Idan aka yi kuskure, bankin mai asusu ne zai mayar masa da kuɗinsa cikakku nan take, daga baya bankin ya bi wanda ya cira. Kuma mai asusu na da ikon soke izinin duk lokacin da ya so. Wanda ke zaune a irin wannan tsari, yana da albashi ko tallafin karatu mai shigowa a kan lokaci, kuma ya zaɓi a riƙa cire jimillar bashin duka, ban ga abin da zai ƙara samu ba don ya nace sai ya biya da hannunsa.

Matsalar tana cikin zaɓi na biyu, wato a riƙa cire mafi ƙarancin biya. Shi ne ya fi kama da sauƙi, shi ne kuma ya fi tsada. Tun 2011 ƙa'idar Birtaniya ga sababbin katuna ita ce mafi ƙarancin biya ya ƙunshi kuɗin ruwa da caji na watan, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na uwar bashin. Mai karatu ya ɗauki alƙalami mu lissafa tare. Idan ana binka fam 1,000, ka daina sayen komai da katin, kuma kamfanin ya tsaya a kan wannan ƙa'ida kaɗai, uwar bashin za ta riƙa raguwa da kashi 1 cikin 100 duk wata. Bayan shekara guda ana binka kimanin fam 886. Bayan shekara biyar ana binka kimanin fam 547. Sai ka shafe wata 69, kusan shekara shida ke nan, kafin bashin ya ragu zuwa rabi, kuma duk tsawon wannan lokaci kana biyan ruwa wata-wata. Ba ka taɓa makara ba, ba a taɓa cin tararka ba, a idon banki kai abokin hulɗa ne na gari. Ɗalibin da ya ci bashin a shekarar farko ta digirin digirgir zai gama, ya dawo gida, ya yi aure, bashin na nan bai ko kai rabi ba.

Akwai kuma abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da wannan ƙaramar lamba. A 2009 Neil Stewart na Jami'ar Warwick ya wallafa bincike da ya nuna cewa ganin mafi ƙarancin biya a takardar lissafi yana ja wa masu biyan wani ɓangare su biya ƙasa da abin da za su biya da ba su ga lambar ba. Lambar takan zame wa zuciya turke, tunani ya riƙa kewaya ta. Mun san wannan a kasuwa: farashin da aka fara ambata shi ke jan ciniki. To idan ganin lambar kawai na yin haka, ina ga wanda ya miƙa wa na'ura ita, ya daina buɗe takardar ma gaba ɗaya? Hukumomi sun lura da wannan rami. A Amurka dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa kamfanoni su rubuta a kowace takardar lissafi tsawon lokacin da bashi zai ɗauka idan mafi ƙaranci kawai ake biya, da adadin da zai kashe shi cikin wata 36. A Birtaniya, daga 2018, idan cikin wata 18 abin da mutum ya biya na ruwa da caji ya fi abin da ya biya na uwar bashi, dole kamfani ya tuntuɓe shi, idan kuma aka kai wata 36 a haka, dole ya gabatar masa da hanyar fita. Ba a kafa doka a kan ramin da ba kowa ke faɗawa ba.

Daga nan ne hujjar masu biya da hannu ke samun ƙarfi. Wanda zai biya da kansa tilas ya buɗe takardar, kuma wanda ya buɗe zai gani. Zai ga manhajar da ya yi wa rajistar gwaji na kwana bakwai tana cirar kuɗi wata na biyar. Zai ga kantin da ya caje shi sau biyu. Zai ga sayayyar da ba shi ya yi ba, tun tana ƙarama, domin ɓarayin kati sukan fara gwadawa da ɗan kuɗi kafin su yi babbar ɗiba. Sannan akwai ɗan zafin da ake ji idan mutum ya rubuta adadi da yatsunsa ya tura. Wannan zafi malami ne, shi ke sa a yi tunani sau biyu kafin a sake miƙa kati wata mai zuwa. Iyayenmu da ke zubin adashe sun san adadin zubinsu da ranar kwasarsu ba tare da takarda ba, saboda kuɗin ta hannunsu yake bi.

Sai dai biya da hannu ya dogara kacokan a kan abu mafi rauni a cikin lamarin, wato tunawar mutum a rana guda ƙayyadadda. Ko ya tuna ma, a ƙasarmu akwai ranar da manhajar banki ke ƙin buɗewa, da ranar da za a cire kuɗi daga wannan asusu su ƙi isa wancan sai bayan kwanaki, da hutun Sallah ko na Kirsimeti da zai faɗo a kan ranar wa'adi. Wanda ya saba biya ranar ƙarshe yana wasa da wuta, ko da bai taɓa mantawa ba.

Idan muka dawo gida sosai, akwai abin da ke sauya lissafin duka: ranar cira tsayayya ce, ranar albashi kuwa mai yawo ce. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya san watan da albashi ke shigowa 25 ga wata, da watan da sai 10 ga na gaba. Ma'aikatan jami'o'in gwamnati sun ga yajin aikin 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas da albashi bai shigo ba, alhali ranakun cirar rance ba su tafi yajin aiki ba. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da ranar albashi sam. Idan na'ura ta zo cira ta tarar da asusu babu kuɗi, an rubuta wa mutum jinkiri ke nan, sau da yawa har da caji. Idan kuma ta tarar da kuɗin makarantar yara da aka ajiye na kwana biyu, ba ta san na makaranta ba ne, za ta ɗauka.

Wajibi ne kuma mai cin bashin banki a Najeriya ya san tsarin GSI, wanda Babban Bankin Najeriya ya fara aiwatarwa a kan ɗaiɗaikun mutane daga 1 ga Agusta, 2020. A ƙarƙashinsa, wanda ya sa hannu a kan izinin lokacin karɓar rance, idan ya gaza biya, bankin da ke binsa na iya bin lambarsa ta BVN ya ciro uwar bashi da ruwanta daga asusunsa na wasu bankunan. Ke nan dabarar kwashe kuɗi daga wannan banki a ɓoye su a wancan ta daina aiki. Babban Bankin yana da ƙa'idar cirar kai tsaye da ya sabunta a 2018, wadda ta shardanta izinin mai asusu, kuma yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa da ake kai wa ƙara idan banki ya kasa warware koke. Amma duk wanda ya taɓa bin sawun kuɗin da aka cire masa bisa kuskure ya san hana fitarsu ya fi dawo da su sauƙi. Saboda haka shawarar da ta dace da mazaunin Landan ba lallai ta dace da mazaunin Gusau ba tare da gyara ba.

Ga wani misali da kuɗinmu, na lissafi kawai, domin a ga nauyin zaɓen adadi. A ce ana bin mutum naira 200,000, ruwa kashi 3 cikin 100 duk wata. Idan ya sa a riƙa cire naira 10,000, a watan farko 6,000 ruwa ne, 4,000 kacal suka taɓa uwar bashi. Zai yi wata 31 yana biya, ya tashi da kimanin naira 310,000. Idan ya sa a riƙa cire 20,000, zai gama cikin kimanin shekara guda, ya biya wajen naira 241,000. Bashi ɗaya, banki ɗaya, na'ura ɗaya, amma bambancin ya kusa naira 70,000 da wata 19 na kwanciyar hankali. Na'ura ba ta zaɓa wa kowa, abin da aka gaya mata ranar farko shi take maimaitawa har sai an je an sauya.

Ba zan tsallake batun riba ba, domin ga mafi yawan masu karanta wannan shafi shi ne kan gaba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar ko a yi hulɗa da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya cikin kwanakin rangwame. Akwai malaman da suka sassauta wa mai larura, musamman mazaunin ƙasar da rayuwa ke wuya ba tare da tarihin bashi ba, bisa sharaɗin ya tabbata ruwa ba zai taɓa hawa kansa ba. Fatawa ba fagena ba ce, kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa, kuma yau muna da bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, ga mai son kauce wa lamarin baki ɗaya. Abin da zan iya cewa a matsayin mai lissafi shi ne, wanda ya ɗauki sassaucin nan ya ɗaura wa kansa alkawarin da mantuwar rana ɗaya ke iya karyawa. Gare shi, zaɓin a cire jimillar bashin duka kowane wata ne kaɗai ya dace da sharaɗin da ya karɓa, zaɓin mafi ƙaranci kuwa sa hannu ne a kan biyan ruwa da gangan.

Matsayata ita ce a raba aikin gida biyu. Tuna rana aikin na'ura ne, ta fi mu iyawa, a bar mata. Yanke adadi da duba lissafi aikin mai dukiya ne, kada a ba da aronsa. A aikace, wanda kuɗinsa ke shigowa a kan lokaci ya sa a riƙa cire jimillar duka, ya nemi a sa ranar cira kwana uku zuwa biyar bayan ranar albashi, domin kamfanoni da yawa suna yarda a sauya ranar idan an nema. Wanda ya riga ya tara bashin da ba zai biyu a wata guda ba, ya zaɓi tsayayyen adadi mafi girma da zai iya jurewa, ya ajiye katin a gida har ya gama. Wanda kuɗinsa ba su da rana, ya bar cirar mafi ƙaranci a matsayin shinge kawai don gudun tabo, amma ya ɗauki biyan sauran da hannu a matsayin ainihin biyan, ya yi shi ranar da kuɗi suka shigo, kafin a kai ga cefane. Ya kuma tambayi kamfanin ko biyan da ya yi da hannu yana rage abin da na'ura za ta cira, domin tsarinsu ya bambanta.

Ga mazaunin Najeriya zan ƙara abu biyu. Na farko, inda aka ba ka zaɓi, ka ware asusu guda domin cirar kai tsaye, ka riƙa zuba masa abin da za a cira kawai, kuɗin abinci da na makaranta su zauna a wani wurin. Wannan ba zai kare wanda ya ƙi biya daga GSI ba, kuma bai kamata ya kare shi ba, amma zai rage ɓarnar kuskure. Na biyu, ka ajiye kwafin duk izinin cirar da ka sa wa hannu, ka san adadinsa da ranar ƙarewarsa, kuma ranar da ka gama biya ka nemi shaidar an soke shi a rubuce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka. Al'ummar da ta taso da wannan karatu bai kamata ta riƙa sa hannu a kan takardar bashi ba tare da ta riƙe kwafi ba.

Sannan ga kowa da kowa, mai cirar kai tsaye da mai biya da hannu: ka tsayar da rana guda a wata, ka zauna minti goma da takardar lissafinka, ka bi ta layi-layi kafin ranar cira. Wanda ya sa sabon izini kuma ya tabbatar ya fara aiki kafin ya saki jiki, domin sau da yawa biyan watan farko da hannu ake yinsa. Banki yana da ma'aikata da kwamfutoci da ke duba nasa ɓangaren lissafin dare da rana. Naka ɓangaren, idan ba ka duba ba, babu mai duba maka.

Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya ba waɗanda ake bi ikon biya. Mu haɗu a mako mai zuwa.